Baƙon da ke son fatsa a bakin Bolta

Ka ce wani baƙo ya aiko maka saƙo ta waya, wai zai zo nan Ada Foa ta ƙasar Gana, inda kogin Bolta ke shiga teku, da sandunan fatsarsa, yana son ya ɗauki hayar kayak ɗinmu, ɗan kwalekwalen nan na roba, ya fita bakin kogi har ya bi gaɓar teku. Yana tambayar wane wata ya fi, wace ƙugiya zai riƙo, zare mai kauri nawa. Kai kuma ka zo ka tsaya mini a ka ina gyaran filafili, kana cewa, "Maigida, me zan ce masa?"

Maganar ƙugiya da zare ba ni za ka tambaya ba. Wanda bai san haƙorin kifin barakuda na yanke zare sai an sa masa waya a gaba ba, ya zauna a otal ya saya soyayye. Abin da ya sa na ajiye aikina shi ne kalmar nan da ya faɗa, bakin kogi. Duk wanda ya fara da ita, ka san bai san ruwan nan ba.

Ni Basarke ne, a Yawuri na buɗe ido cikin kwalekwale. Ruwanmu na can gefe ɗaya ya sani, gangara. Nan kuwa sau biyu yake cika a yini da dare, sau biyu yake ja, kowanne kamar awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. In ruwa na ja, Bolta na turo nata, tekun da ya shigo yana komawa, su haɗu su matse ta ɗan mashigin nan na ƙauyen Azizanya, sai su yi karo da igiyar ruwa mai tahowa daga kudu a kan tudun yashi. Nan ruwa ke miƙewa tsaye. Tudun ma ba ya zama wuri ɗaya, inda ka bi bara ba nan za ka bi bana ba. Ranakun tsayuwar wata da na 14 ga wata abin ya fi tsanani.

Shekarun baya ina da kayak guda, ruwan ɗorawa, irin wanda ake zama a samansa, mai ramukan zubar da ruwa da wurin soke sanda biyu a baya. Daga Akra na sayo shi, hannu na biyu, da kuɗin da na daɗe ina tarawa, har da sayar da tsohon injina na ƙara. Kilomita kusan 100 aka ɗauro shi a saman mota ina zaune a ƙarƙashinsa ina addu'a. A duk kogin nan babu mai irinsa a lokacin.

Sai ga wani mutum ya zo, fes da shi, da tabarau da akwatin ƙugiyoyi mai hawa-hawa. Ya ce ya tuƙa kayak a ƙasashe da dama, ya buɗe waya ya nuna mini hotuna yana rungume da kifaye. Ya ba ni rabin kuɗin haya, ya ce sauran in ya dawo, ai ga motarsa nan a ajiye. Na gaya masa a gaban mutane: ruwa zai juya da hantsi, ka tsaya cikin kogi ta gefen tsibirai, kada ka wuce ƙarshen yashin Azizanya. Ya ce to. Na miƙa masa rigar ruwa mai hana nutsewa, ya karɓa ya cusa ta ƙarƙashin igiyar baya, wai zafi.

Da hantsi ya wuce inda na hana shi, don ya hango tsuntsaye suna faɗa wa ƙananan kifaye a mashigi. Ruwa ya riga ya fara ja. Da ya ga ana tafiya da shi sai ya jefa anga, ya ɗaure igiyar a marikin gefe, daidai kwankwasonsa. Yaro, ko ɗan shekara 10 a nan ya san ba a ɗaure anga a tsakiyar jirgi cikin ruwa mai gudu. A goshi ake ɗaurewa ko a wutsiya, da ƙullin da za ka zare da ja ɗaya, da ɗan galan a ƙarshen igiyar don ka dawo ka ɗauka. Anga ta kama ƙasa, jirgi ya ba ruwa gefe, ruwa ya danne shi ya kife. Igiyar ta tsinke, kayak ya fita ta mashigi da rigar ruwan a ɗaure a bayansa, shi kuma mutumin yana shan gishiri.

Allah ya sa wasu masunta na dawowa da jirgin inji, suka tsamo shi. Ni na biya su kuɗin mai. Na sake ɗaukar hayar wani jirgi muka bi gabas, don ruwan gaɓar nan gabas yake kai komai, muka duba har wajen Anyanui rana ta faɗi. Washegari aka tsinci jirgin nawa igiyar ruwa ta maka shi a gaɓa, cikinsa ya tsage tun daga goshi har wurin zama, ya cika da yashi. Na tsuguna na sa hannuna cikin tsagar, ta shige har gwiwar hannu. Roba irin wannan in ta tsage haka ba ta ɗinkuwa.

Duk wannan da na ce ƙaddara ce na haƙura. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Na je masaukinsa da safe in duba lafiyarsa, da kokon zafi a hannuna, sai ya tare ni da cewa jirgina ne yake yoyo, na ba shi mataccen kaya, ni zan biya shi sandunansa da wayarsa. Jirgin da ni da kaina na duba magudanarsa na toshe da asuba! Na ce mu je gaban sarkin masunta, akwai shaidu. Ya ce da yamma. Kafin la'asar mota ta ɗaga. Sunan da ya ba ni ma ba shi ne a littafin masaukin ba. Sauran rabin kuɗin haya bai biya ba, balle na jirgi, balle na mai. Masuntan da suka ciro shi daga bakin mutuwa ko sannu bai ce musu ba. Daga baya yara suka nuna mini abin da ya rubuta a intanet, wai a guji wani tsoho a Ada mai ba da ruɓaɓɓun jirage. Kakar baƙi ta wannan shekarar haka ta wuce ni ina kallon ruwa, hannu rabbana, ga bashi a wuya.

Saboda haka ga abin da za ka rubuta wa baƙonka. Ya zo tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin teku ya fi kwanciya. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙasa, teku na fushi, masu manyan jirage na murna da kifi amma ba lokacin kayak ba ne. In hunturu ya sauko da hazo, mutum na iya ɓatar da gaɓa alhali bai yi nisa ba, don haka ya riƙo kamfas na hannu. Gaɓarmu daga yamma zuwa gabas ta miƙe, in ya rikice ya sa goshi arewa zai taras da ƙasa. Ya fita da sanyin safiya, don bayan azahar iskar kudu maso yamma na tashi. In zai bi gaɓa, ya fara nufar yamma da ƙarfinsa, ruwa da iska su dawo da shi gida in ya gaji. Kuma ya tambaya ko ana sakin ruwa a madatsar Akosombo da ke saman kogin. Kai ma ka ga 2023, da aka buɗe madatsar tun watan Satumba, yadda ambaliya ta yi wa garuruwan Mepe da Sogakope, da irin itatuwa da ciyawar da suka riƙa gangaro mana. A irin wannan lokaci ba na ba kowa jirgi, ko ɗan'uwana ne.

Ka kuma gaya masa ruwan nan yana da masu shi. A yawancin gaɓar Gana ba a shiga teku su ranar Talata, kuma baƙo ba ya fi ƙarfin wannan doka don ya zo da kuɗi. Mu kai shi ya gaida sarkin masunta kafin ya jiƙa ƙafa. Ya nisanci igiyoyin masu jan taru daga gaɓa. Ya kafa tuta mai launi a bayansa, domin jirgin inji in ya ɗaga goshi, mai tuƙi ba ya ganin abin da ke kwance a gabansa.

In kifin tafon ya kama masa, wannan wani zance ne. Babbansa ya fi ƙato nauyi, yana tsalle sama da kan mutum, kuma zai ja kayak duk inda ya ga dama. Ya sassauta birkin zare, ya riƙe kan sanda ta goshin jirgi, kada ya bari ta koma gefe. Wuƙa ta kasance a ƙirjinsa. In kifin ya nufi mashigi da shi ruwa na ja, ya yanke.

Ku yaran yanzu kun ɗauka jadawalin ruwa da ke cikin waya shi ne sanin ruwa. Jiya na ce maka ruwa na cika ne ko yana ja, sai ka zaro waya, alhali ga jiragen da ke ɗaure a gabanka duk sun juya goshi gefe ɗaya, ga layin jiƙa a jikin turke. Waya ta san awa, ba ta san inda tudun yashi ya koma bana ba. Kuma kuna jin kunyar baƙo, da ya yi Turanci da sauri sai ku ce "to, yallaɓai". Ni ba na jin kunyar kowa a kan jirgina.

In ya iso, ranar farko ba ya ganin teku. Ka kai shi ruwa iya ƙirji a gaban rumfarmu, da rigar ruwa a jikinsa an ɗaure, ka kifar da kayak ɗin ya hau ina kallo. In ya kasa hawa, cikin kogi zai yi fatsarsa, akwai barakuda da jan kifi isassu a gefen tsibirai. In ya iya, zai fita da jirgin inji a bayansa, shi zai biya mai, kuma ni zan faɗi awar tsallake mashigi, lokacin da ruwa ya cika ya tsaya. Kuɗin haya duka a hannu, da kuɗin jingina na jirgi, da hoton fasfonsa, kuma ka je masaukin da kanka ka ga sunan ya yi daidai. In ya ce sharuɗɗan sun yi yawa, ka ce masa maigidana ya ce ya nemi wani. Je ka rubuta masa, sannan ka dawo ka wanke jiragen nan da ruwan daɗi, gishiri ya fara cin ƙusoshin wurin zama.