Wasan ya yi nauyi bayan an sa masa kamannin talabijin mai doro

Ka ce da ka ɗora CRT-Royale, matatar hoto mai kwaikwayon tsohon talabijin, a akwatin Android ɗin da aka kawo mana daga Marwa, hoto ya fito kamar na talabijin mai doro, amma wasan Sega ya koma jan ƙafa, sauti yana kakkatsewa. To, ɗana, ajiye sukundireba ka saurara, babu abin da ya ƙone a ciki.

Yawancin waɗannan wasanni hoto 60 suke fitarwa a daƙiƙa ɗaya. Duk hoton da bai gama zanuwa a kan lokaci ba, shi ne tsaikon da kake gani, sauti kuma ya bi bayansa. Wasan da kansa ba shi da nauyi, ɗigo 320 ne a kwance, 224 a tsaye. Matatar hoton ce mai cin ƙarfi, domin ita a kan ɗigogin allonka take lissafi. Allo mai layuka 1080 ya haura ɗigo miliyan 2, CRT-Royale kuwa sai ta bi hoton zagaye fiye da goma, ga layuka, ga raga, ga hasken da ke malalowa gefen abu mai haske. Don kwamfuta mai katin hoto aka yi ta. Ka aza wa jaki kayan raƙumi.

Shiga saitin akwatin ka sauke fitar hotonsa zuwa layuka 720. Ɗigogin sun ragu da fiye da rabi ke nan. Akwai wata riba kuma: 720 ninki uku ne cif na 240, shi ya sa layukan wasannin PlayStation na farko masu layi 240 suke zama daidai. Ga na Sega, kunna ninkawa da cikakkiyar lamba a RetroArch, manhajar da ke kunna wasannin, ka haƙura da ɗan baƙin da zai rage sama da ƙasa. In ba haka ba wani layi ya yi kauri, wani siriri, ido ya gaji.

Sai ka canza matatar. Sa zfast-crt ko crt-pi, wadda don ƙaramar na'urar Raspberry Pi aka rubuta ta. Zagaye ɗaya suke yi. Lanƙwasar allo kashe ta. Ni ban taɓa ganin yaron da ya biya sefa ɗari don buga wasa ya tambayi lanƙwasa ba, layukan nan su ne kamannin.

Kada ka gwada da safe ka ce an gama. A zafin Afrilu na Garwa, in akwatin ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu. Kunna ma'aunin yawan hoto a daƙiƙa da ke fitowa a kusurwar allo, ka bar wasa yana tafiya awa guda bayan azahar. In lambar ta sauka daga 60, ɗaga akwatin daga bayan talabijin, ka juya masa fanka, ka sake dubawa kafin ka kira mai shi.