Sai na tara maƙala biyar kafin in samu gurbin digirin digirgir?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ina da digiri na biyu a fannin nazarin ƙananan halittu, ina koyarwa a wata kwaleji a nan Gombe. Shekara biyu ke nan ina neman gurbin digirin digirgir mai tallafi. Wasiƙun da na tura sun fi a ƙirga, ko amsa babu. Wani abokin aikina ya ce ai maƙala ɗaya gare ni, shi ya sa. Ya ce ya san mai sa sunan mutum a maƙala biyar cikin wata guda, kowace naira dubu 120. Har na fara neman mai sayen fulotina. Shekarata 34, ina ganin lokaci na ƙure mini. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar fulotinka inda yake, lambar mutumin nan kuma ka goge ta.

Kusan kullum sai an zo mini da wannan magana, har ta fara gundurata. Na san inda ta samo asali. A makarantunmu idan lokacin ƙarin girma ya zo, ƙirga maƙala ake yi kamar ana ƙirga buhu a kasuwar hatsi, ba kasafai ake buɗe bakin buhun a ga abin da ke ciki ba. Sai mutane suka ɗauka ko'ina haka ne. To, farfesan da ke da kuɗin bincike a hannunsa, yana neman wanda zai riƙe masa ɗakin gwaji shekara uku ko huɗu, ba ƙirga yake yi ba. Guda ɗaya zai buɗe ya karanta.

Ka sa kanka a kujerarsa. Ga takardar mutum, maƙala biyar duk a wata ɗaya: wannan kan ruwan rijiya, wannan kan cutar kaji, waccan kan ciwon daji, kowace da sunaye goma daga ƙasashen da ba abin da ya haɗa su. Ya duba mujallar a PubMed da Scopus, rumbunan da ke jera mujallun bincike da aka amince da su, babu. Nan take ya gane. Wanda ba shi da maƙala ko ɗaya ɗalibi ne da za a koya wa aiki. Mai maƙalar saye kuwa, ya nuna zai iya ƙirƙiro sakamako ranar da gwaji ya ƙi, kuma a fanninmu gwaji ya fi ƙi fiye da yi. Wa zai damƙa wa irin wannan firizar samfurinsa?

A ce ma ka tsallake har ranar intabiyu. Za a ce, a maƙalarka ta uku me ya sa ka ɗauki samfuri arba'in? Wace hanya ka bi ka fitar da DNA? Da PCR ɗin, wato gwajin ninka DNA, ya ƙi fitowa, me ka sauya? Wanda ya tsaya kan bencin ɗakin gwaji da kansa, dariya ma zai yi kafin ya amsa, don ya tuna wahalar. Kai kuwa sai zufa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan ko minti biyar ba ya kaiwa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ana janye irin waɗannan maƙalu bayan sun fito. A 2023 kaɗai kamfanin buga mujallu na Hindawi ya janye sama da 8,000, akasari saboda masu wannan sana'a. Maƙalar da aka janye ba ta ɓacewa daga intanet, tana nan da tambarin janyewa, ga sunanka a sama. Shi dillalin ya daɗe da sauya lamba. Kada kuma a ruɗe ka da cewa ai manyan mujallu ma kuɗi suke karɓa. Suna karɓa, amma bayan masana sun yi watanni suna tankaɗe da rairayar aikin, kuma da yawansu na rage wa mai ƙaramin ƙarfi ko su yafe. Ba mujallar kirki da ke sayar da gurbin suna.

Shirun da kake sha, na fi zargin wasiƙar. In wasiƙa ɗaya kake sauya wa suna ka watsa wa mutum hamsin, to kwandon shara take zuwa. Zaɓi mutum biyar, karanta aikinsu na baya-bayan nan, ka rubuta wa kowa abin da bai wuce rabin shafi ba: ga abin da na karanta a aikinka, ga abin da hannuna ya iya, ga tambayar da nake son bi.

Kuma kana zaune kan abin da farfesoshin nan ba su da shi. Kaltungo na nan kusa da kai, da asibitin saran maciji da masu binciken dafi a duniya suka sani, saboda kububuwa. Masanan makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun daɗe suna aiki kan dafinta, a Kano kuma ga Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, ɓeran da ke ɗauke da shi kuwa yana cikin rumbunanmu. Mutumin da ya san hanya, yake jin yaren mutane, zai iya karɓo izini ya tattaro samfuri da rani da damina, wannan ake nema ruwa a jallo.

Wuraren dubawa kuwa, fara da kusa: ACEGID, cibiyar nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka a Ede ta jihar Osun, inda Farfesa Christian Happi yake, sai cibiyar cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi da ke ABU Zariya, da cibiyar binciken cututtuka ta WACCBIP a Jami'ar Ghana, da cibiyar icipe a Nairobi in ƙwari ne suka dame ka. A Jamus, Holan da Suwidin, yawancin guraben aiki ne mai albashi, ana tallata su kyauta a EURAXESS, shafin guraben bincike na Turai. Tallafin Commonwealth ta hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya ake bi, wajen ƙarshen damina ake buɗewa. In kwalejinku ta gwamnati ce ga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sai dai tun farkon 2025 sun dakatar da tura malamai waje, na cikin gida ya rage, shi ma sai ka jure yawon fayil daga tebur zuwa tebur.

Shekara 34 kuwa ba ta hana komai a yawancin waɗannan, sai dai wasu na duba yaushe ka gama digiri na biyu, don haka ka karanta sharuɗɗa. Wannan maƙala ɗaya taka, wadda ka yi da guminka, ɗauko ta ka sake karantawa har ka iya kare kowane jadawali a cikinta. Ita za ka liƙa a wasiƙar farko.