Tambaya da Amsa: An ce ƙari ne a kan Inna, kansa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, daga unguwar Birni nan Damagaram nake rubuto maka. Innarmu ce, shekararta 54, tun bayan sallar layya take fama da ciwon kai musamman da asuba wani lokacin har da amai, sai ran nan tana tsakar gida tana tankaɗe kawai ta yanke jiki ta faɗi tana fizge-fizge. Aka ce iska ce, mun yi ruƙiyya mun yi hayaƙi har akuya biyu muka saida, daga baya kuma hannunta na hagu ya fara sakin kofi. Da aka yi sikana likita ya ce ƙari ne a cikin kai, ya rubuta magani ya ce mu wuce Yamai. Kawunmu ya ce in aka buɗe kan mutum ko ya mutu ko ya zautu, ita kuma ba mu gaya mata ba. Don Allah kansa ce, wato ciwon daji? Mu je ko mu haƙura?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ku je. Wannan na fara faɗa don kar ya ɓace cikin dogon bayani.

Ba kowane ƙari ba ne kansa. A cikin waɗanda ke tsirowa a kai, wanda aka fi gani shi ne meningiyoma, daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya fi kama mata masu shekaru irin na Inna, galibinsa ba kansa ba ne kuma a hankali yake girma, in aka samu aka cire shi duka mutum na iya komawa harkokinsa. Akwai kuma mai zafi irin giliyobilastoma, shi ne a mataki na 4 wato na ƙarshe a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, shi kam ba zan ɓoye miki ba, magani na ƙara kwana da sauƙi ne amma yakan dawo. Wani kuma daga nono ko huhu ya taso ya haura kai. Ban ga hoton Inna ba, kuma ko wanda ya gani sai ya ƙara da hoton IRM, wani hoto da ya fi sikana nuna cikin ƙwaƙwalwa dalla-dalla, tabbaci kuwa sai an ɗebi tsokar an duba a labo, wato ɗakin gwaji.

To in ba kansa ba ne me ya kada ta? Ƙoƙon kai kamar tukunya ce da aka rufe, ba ya buɗawa, duk abin da ya tsiro ciki sai ya danne na kusa da shi. Shi ya sa ciwon kan ya fi tsanani da asuba bayan an kwana a kwance. Hannun hagu kuwa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke juya shi, duba takardar sikanar, ba mamaki can abin yake. Babban mutum da bai taɓa farfaɗiya ba in ya fara rana tsaka, hoton kai ya kamata a fara nema, addu'a kuma a ci gaba da ita, ba su hana juna.

Maganar kawu na gane tsoronsa, aikin kai ba wasa ba ne kuma yana da haɗari, amma barin abin yana girma shi ma haɗari ne, har gani yana iya tafiya. A Yamai akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma tun 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa ta fara gashi da na'ura, wato ƙona ƙari da haske. Ku tafi da kawun in zai yiwu, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Tafiyar kusan kilomita 900 ce, ku riƙe ainihin fim ɗin sikanar ba takardar sakamako kaɗai ba, da duk kwalayen maganin da ta sha.

Kafin nan, in an rubuta mata maganin farfaɗiya kar a tsallake ko kwana ɗaya ko da ta ji garau. In an ba ta deksametazon na rage kumburi za ku ga ta warware cikin 'yan kwanaki, a nan ne mutane ke ruɗuwa su ce ta warke su fasa tafiya, alhali kumburin ne ya sauka ƙarin na nan, kuma maganin yana ɗaga sukari, ba a yanke shi lokaci guda. Kar a bar ta ita kaɗai a bakin murhu ko rijiya. In ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, kar a tura mata cokali ko ruwa a baki, in fizgar ta wuce minti 5 a kai ta asibiti.

Batun ɓoye mata, ni dai ban goyi baya ba. Matar da kofi ke suɓuce mata ta san akwai abu, kuma kanta ne za a yi wa aiki, sai da yardarta. Ki zauna da ita ke da wanda ta fi sakewa da shi, ki ce an ga wani tsiro a kai shi ke kawo faɗuwar, za a je Yamai a san irinsa. In ta tambaya kansa ce, ki ce ba a sani ba tukuna, don gaskiyar kenan.