Regula ko VIP, da mai sayar da tikiti a WhatsApp

Tunda aka manna fostar nan a bakin babbar kasuwa cewa mawaƙin nan zai biyo ta Birnin Kebbi a sabon zagayen da ya fara, wayata ba ta huta ba. Shi kaɗai zai hau dandamali wanga karo, ba irin taron nan da ake tara mawaƙa goma kowa ya yi baiti biyu ya sauka ba, shi ya sa samari suka ruɗe. Wai don na yi shekaru ina ba da hayar sifika da janareta a wajen biki, shi ke nan na zama malamin wasa. To Allah ya rufa asiri, ga abin da ya sawwaƙa.

Wani ƙanena daga Jega ya ce: "Yaya, dubu 25 na tara a gyaran waya. Regula dubu 5 ne, VIP dubu 20. Abokaina duk sun ce VIP za su shiga, ni kuma ban son a raina ni. Wane zan saya?"

Ƙanena, sayi regula. Na san ba abin da kake son ji ba ke nan, amma zauna mu yi lissafi. In ka ba da dubu 20 saura 5 a aljihunka, cikin biyar ɗin nan za ka biya mota zuwa Birni da dawowa, ka hau mashin daga tasha zuwa wajen wasa, kuma ɗan mashin na ƙarfe goma na dare ba kuɗin rana yake karɓa ba, ya san ba ka da yadda za ka yi, sannan ka ci abinci, sannan ruwan roba da ake sayarwa a ciki ninkin na waje. Za ka zauna a kujerar manya da cikin almajiri.

Kuma mi ne ne VIP ɗin a wasanninmu na nan? Sau da yawa kujerar roba ce aka rufa wa farin ƙyalle aka ɗaura mata ribon, da lemon kwalba ɗaya. Tana da daɗi kafin mawaƙi ya fito. Da ya fito kowa zai miƙe, masu liƙi su cika gaban dandamali, masu ɗaukar bidiyo su ɗaga waya sama, kai da ka biya dubu 20 ƙeyar mutane za ka yi ta kallo.

Ga abin da masu sana'armu suka sani: wurin da sauti ya fi daɗi ba gaba ba ne. Ka duba tsakiyar fili, za ka ga wani ya kafa tebur da na'ura mai maɓallai da yawa yana fuskantar dandamali, shi ne mai haɗa sauti, kuma da abin da kunnensa ke ji a wurin yake saita komai. Ka je da wuri ka tsaya kusa da shi. Can gaba kuwa gindin manyan sifikun nan kake, ba ka jin baiti sai dukan ganga a ƙirji, ka dawo gida kunne na ta ƙugi kwana biyu. Ba wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta fitar da ƙa'ida cewa matsakaicin ƙara a irin waɗannan wurare kada ya wuce desibel 100, mu kuwa nan wa ke aunawa, DJ na murɗawa ne har sai sifika ta fara kuka. Ni kunnena na hagu har yau bai dawo daidai ba, in matata ta yi magana ta wannan ɓangaren sai na juyo.

VIP na da ranarsa, ban ce babu ba. In da iyali za ka, ko kana da ciwon ƙafa, ko an tabbatar maka ƙofarsu daban ce kuma akwai shingen ƙarfe tsakani, to kuɗin ya yi aiki. Abokanka kuma bar su, ku haɗu a waje bayan an tashi ka saya musu tsire.

Abu ɗaya kafin ma ka biya ko sisi: tunda zagaye ne ya riga ya yi wasu garuruwa, nemi bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka da wayarsu, ba wanda aka gyara aka sa a shafinsa ba. Nan za ka gane ko da bakinsa yake rerawa ko mamin yake, wato motsa baki kawai, kan waƙar da DJ ya sa, da ƙarfe nawa ya fito, da minti nawa ya yi a sama. In mamin ne na rabin awa, ko dubu biyar ɗin ma ka sake tunani.

Wata ƙanwa daga Argungu ta ce wani a guruf ɗinsu na WhatsApp yana sayar da tikitin VIP rabin kuɗi, wai tafiya ta kama shi, in ta tura kuɗi zai turo mata hoton tikitin mai lambar nan da ake haskawa a ƙofa. Ta saya?

A'a ƙanwata. Hoto ne fa. Hoton da ya turo miki zai iya tura wa mutum ashirin, kuma na'urar ƙofa sau ɗaya take karɓar lamba, wanda ya riga shiga shi ya ci, sauran ku tsaya kuna rantsuwa gaban masu gadi waɗanda ba ruwansu da alat ɗin da kika nuna musu. Ni kaina an taɓa yi min, kuma ba yaro nake ba lokacin. Tikitin takarda ne ma, mai ƙyalli, na saya hannun wani yaro a bakin get don layi ya yi tsawo, na isa gaba mai dubawa ya murza shi da yatsa fenti ya biyo hannunsa, ya dube ni ya ce Alhaji koma baya. Kunyar ta fi kuɗin ciwo.

Ki sayi naki inda mawaƙin da kansa ya faɗa da bakinsa a bidiyo, ko shagon da aka rubuta jikin fosta, ki karɓi abinki a hannu. In turansifa za ki yi, duba sunan da ya fito kafin ki danna, in sunan mutum ne can daban ba na masu shirya wasan ba, dakata ki tambaya. Kuma in kin samu na gaske kada ɗoki ya sa ki ɗora shi a sitatus lambar na waje, wani zai kwafa ya riga ki shiga.

Daga Yawuri wani ya ce su huɗu ne, za su yi shatar mota su zo su koma a daren, ko ya fi su kama ɗaki?

Ku kwana. Wannan ba ni ja da kowa a kai. Fosta za ta ce ƙarfe huɗu, ku da kanku kun san sai bayan isha'i ake ganin mawaƙi, kafin a watse dare ya yi nisa, sannan ku ɗauki hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yawuri da direban da ya wuni a zaune yana hamma, ga manyan motoci, ga halin da hanyoyinmu ke ciki da dare wanda ba sai na tsaya bayani ba. Kuɗin ɗaki ɗaya in kun raba huɗu bai kai abin da mai shata zai ƙara muku na jira ba. In akwai ɗan uwa a unguwar Badariya ko Gesse cikin Birni ma ya fi, ku kira shi tun yanzu ba ranar ba, ku riƙo masa busasshen kifi. Ku zo da rigar sanyi, hunturun Kabi in dare ya raba ba ya jin waƙa.

Sai mai tambayar liƙi. Ya ce yana son sayen sabbin 'yan ɗari biyu-biyu na dubu 30, mai canji ya ce sai ya ɗora masa dubu 6.

Malam, dubu shida don takarda ta yi ƙamshi? Bayan asara kuma akwai doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira a wajen biki da taka ta da sayar da ita, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Da can ana ganin kamar rubutu ne kawai, sai ga shi a 2024 EFCC ta kai Bobrisky, wani sananne a soshiyal midiya, kotu a Legas aka ɗaure shi wata 6 ba zaɓin tara, kuma bidiyon da aka ɗauka wajen shagali ne ya jawo masa. Kai kuma a wajen wasa waya ɗari ce a kanka. Na san liƙi al'adarmu ce, iyayenmu sun ba makaɗa riga da doki, amma miƙawa suke yi ba watsawa ƙasa a tattake ba. Sa abinka a ambulan ka ba MC ya kira sunanka, sunan ne dai kake so a ji, ko ba haka ba?

Wata ɗiyata kuma ta ce ta sayi tikiti amma Baba bai sani ba, in ba ta dabarar fita. Ɗiyata wannan ba ni da ita. Je ki sami Inna ta yi masa magana, ki ce da yayanki za ki kuma da shi za ki dawo, in ya ce a'a ki mayar wa ƙawarki tikitin.

Mai tambayar ko ya sayi fawa bank saboda wasan: ka ce kai mai cajin waya ne a Kalgo, to ɗauko ɗaya cikin na shago mana.