Shata da Wardi a gida ɗaya: amsa ga ɗan'uwa na Kano

Malam, ka tambaya ko Hausawan Sudan har yanzu suna jin Shata, ko kuwa kiɗan Larabawa ya cinye su. Duka biyun ake ji, sai dai kowanne da muhallinsa.

Ka tuna ba jiya aka zo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Wasu kuma mahajjatan ƙasa ne da guzuri ya yanke musu, suka tsaya noman auduga a Jazira ko na dawa a Gadarif. Tattaɓa-kunnensu da Larabci ya yi makaranta, da shi yake ciniki, Hausa kuwa ta gida ce da unguwa. Kunnensa ma haka ya rabu.

In bikin cikin unguwa ne, kalangu da ganga suna nan, mata kuma su haɗa da dalluka, gangar yumɓu da matan Sudan ke kaɗawa a daren lalle. In kuwa hafla ce ta babban mawaƙi, wannan wata duniya ce. Mawaƙi na tsaye cikin jallabiya da rawani ko kwat, bayansa mai ud, wato garayar Larabawa, masu goge irin na Turawa, mai akodiyon, da masu ganguna. An riga an biya shi kafin ya hau, saboda haka ba ya tsayar da waƙa don ya kira sunan attajiri. Wanda baiti ya ratsa shi sai ya taso ya je gabansa, ya ɗaga hannu sama yana ƙyasta yatsu, ana cewa abshir, ya ɗan yi rangaji ya koma kujerarsa. Baƙon da ya zo daga wajenku da bandir ɗin sababbin kuɗi don liƙi, gara ya adana su sai taron mata, can ne ake manna wa mai waƙa kuɗi. A zamanin Bashir dokar Khartum ta ce ƙarfe 11 na dare a kashe amsa-kuwwa, sai a 2019 aka soke ta, shi ya sa aka saba farawa da wuri. Mai jiran dare ya tsala kamar a Kano, kujeru zai tarar ana kwashewa.

Kada ka ɗauka kiɗan nan baƙo ne a wurinmu. A kan sautuka biyar aka gina shi, kamar yawancin kiɗan ƙasashenmu, ba irin na Masar ba, don haka kunnen Bahaushe ba ya wahala da manyan mawaƙan Sudan irin su Wardi ko Kabli. Kuma macen da ta fara waƙa a Rediyon Omdurman, a 1942, daga cikin jama'armu ta fito: A'isha Musa Ahmad, wadda aka sani da A'isha Falatiya, ɗiyar malami. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974.

A cikin mawaƙan gida, Ɗan Maraya Jos ya fi saurin shiga, a ganina, domin waƙarsa ta talaka da aure da sana'a ba ta bukatar bayani. Shata ana ƙaunarsa don murya da kalangu, ko da ba a san mutanen da yake ambata ba. Ɗanƙwairo sai dattawa, don wanda bai san gidajen sarauta ba rabin daɗin ya wuce shi. Matasa kuwa waƙoƙin finafinan Kano ne cike da wayoyinsu, ba su bambanta da naku ba.

Batun ajiya shi ne inda muka fi ku wahala. Faifan garmaho na Hausa da wuya ka same shi a nan. Abin da ke akwatunan mutane kaset ne, wanda ya shigo ta Jidda zuwa Bur Sudan a jakar alhazai, ko ta mota daga Maiduguri zuwa Njamena, Abeshe, Adire, har Junaina. Mafi yawa kwafin kwafi ne, wasu ma daga Rediyon Kaduna ko BBC aka naɗa ta gajeren zango, da ƙugin iska a ciki. Mai hankali yakan saka takarda a gidan kaset ya rubuta mawaƙi, wanda ya kawo, da shekara, ya kuma ɓalle 'yan haƙoran roba biyu na saman kaset don kada yaro ya danna jan maɓalli ya naɗi surutunsa a kan Shata.

Zafi da ƙura ne abokan gaba. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 45, kaset ɗin da aka bari a mota ko ƙarƙashin rufin kwano zarensa ya saki, murya ta riƙa lanƙwasa. A ƙasan ɗaki ake ajiyewa, a tsaye, cikin gidansa, nesa da lasifika saboda maganaɗisu yana goge sauti. C60, wato mai minti 60, ya fi jurewa, C90 ba laifi, C120 kuwa siririn zare ne da rikoda ke taunewa. In habub, wato guguwar ƙura, ta taso da jan ƙasarta, a rufe rikoda da zane.

Kafin a sa tsohon kaset, a juya shi da biro daga farko zuwa ƙarshe don zaren da ya manne ya saki. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiya, in ya faɗi sauti zai dushe, sai a ciro na wani kaset a manna. In gidan ya fashe, a kwance kusoshi biyar, a mayar da zaren cikin wani gida. Zaren da ya tsinke a yanka bakinsa biyu a karkace, a haɗa da ɗan salatif ta baya, ba ta fuskar da ke gogar kan rikoda ba. Kan rikoda da ƙaramar tayar roba da ke jan zare a goge su da auduga da ɗigon sifirit, don datti a tayar nan ne ke sa cin kaset. In murya tana ja kamar mai barci, batir ne ya yi sanyi ko bel ya saki, ba laifin kaset ba ne.

Wanda ya gaji faifai kuma, mai juyi 45 ko 33 a minti ana wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu, a shanya a inuwa, a jera a tsaye. Tsohon mai nauyi na 78 kada sifirit ya taɓa shi, narkar da shi yake yi, kuma allurar ƙarfe ta garmaho fuska ɗaya take yi a canza ta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mutanen Khartum da Madani da yankin Sinnar da suka gudu waya suka ɗauka, akwatin kaset a gida ya kwana. Saboda haka yanzu wanda nasa ya tsira yana haɗa igiyar waya daga ramin abin kunne na rikoda zuwa kwamfuta, ya rage ƙara zuwa rabi don kada sauti ya fashe, ya naɗi kowace fuska daban, ya ɗauki hoton takardar. Sai ya zuba a memori biyu, ɗaya a wurinsa, ɗaya ya aika wa ɗan'uwa a wata ƙasa. In kana da wanda zai iya riƙe irin wannan amana a Kano, akwai masu nema.