Tambayi Likita: Amfanin Gona ya Shigo Gida, Biki ya Kankama

Kaka ta yi, kuma tambayoyin wannan makon kusan duk daga madafi da rumbu suka fito.

Tambaya: Likita, maigidana ya kawo sabuwar gyaɗa buhu uku daga gona. Da na buɗe sai na tarar wasu sun yi fumfuna, wasu sun yi baƙi-baƙi. Surukata ta ce in dai za a soya a yi ƙuli-ƙuli, wuta ta kashe komai. Haka ne? (Wata uwargida daga Gumel)

Amsa: Allah ya ƙara wa Inna lafiya, amma a nan ba haka abin yake ba. Wuta tana kashe fumfunar, sai dai ba ta lalata dafin da ta riga ta zuba a cikin ƙwayar, wanda ake kira afulatoksin. Suya ba ta kawar da shi, dafuwa ma haka. Hanta yake ci a hankali, shekara da shekaru, mutum bai san ana yi ba. Yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan. In ya yi yawa kuwa ba ya jira: a Kenya a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta gurɓata da shi.

Ki zazzage buhunan a tabarma, ki tsince duk wadda ta canza launi, ta yamutse, ko ƙwaro ya huda. Kada a ba akuya ko saniyar tatsa, domin dafin yana fitowa a madara. A binne. Sauran a sake shanyawa har sai an girgiza kwanso an ji ƙwayar tana kaɗawa a ciki, sannan a ɗora buhun kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Abin da ke damuna shi ne, irin wannan tsintacciyar ce ake sayarwa da rahusa a kasuwa, ta ƙare a ƙulin da yaranmu ke ci.

Tambaya: Bayan bikin ƙanwata, dafa-duka ta kwana a kula. Da safe muka ɗumama ta sosai, amma kafin azahar yara huɗu sun yi ta amai. Wasu a gidan na cewa an zuba wani abu ne. (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Amsa: Kada ku zargi kowa, kular ce. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, kuma dafuwa ba ta gamawa da ita. In shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, sai ta hayayyafa ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa. Aman kan fara cikin awa 1 zuwa 5, yawanci ya wuce a kwana guda. A riƙa ba yaran ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko ya daina fitsari, a kai shi asibiti. Nan gaba, shinkafar da ta rage ta shiga firji cikin awa 2. In babu wuta, a raba wa maƙwabta da almajirai tun da zafinta.

Tambaya: Na sa ƙwayar maganin ƙwari a buhunan wake, na ajiye su a ɗakin da yarana ke kwana saboda ɓarayi. Akwai matsala? (Wani manomi daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ka fitar da yaran daga ɗakin yau, ba gobe ba, a buɗe ƙofa da taga. Ƙwayar nan iska mai guba take fitarwa, kuma tana kisa. Ka nemi buhun ajiyar hatsi da ake kira PICS, mai ninki uku da ke hana iska shiga, ko jarka mai murfin da iska ba ta shiga. Ƙwarin za su mutu da kansu ba tare da magani ba.

Tambaya: A Amurka nake aure. Yara sun matsa sai na gasa musu talo-talo a bikin godiya da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Na sayo ƙanƙararre mai kilo 6. In bar shi a waje ya narke? (Wata uwa)

Amsa: A'a, waje zai yi ɗumi ƙwayoyin cuta su yaɗu alhali ciki yana ƙanƙare. Ki sa shi cikin firji, a hawan ƙasa, cikin faranti mai zurfi tun ranar Litinin, domin kowane kilo 2 na buƙatar kusan kwana guda. Likitoci kan ce kada a wanke ɗanyen nama don ruwan na fantsama kan kwanuka. Na san Bahaushiya ba za ta ji wannan ba, to in kin wanke, ki bi wurin da sabulu. Ki sayi ma'aunin zafin nama, ki soka a tsokar cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Sai ya nuna digiri 74 a ma'aunin Salshiyos, wato 165 a ma'aunin Amurkawa, sannan ki sauke.