Tambayoyinku kan Fasaha: Zauren Makaranta, Kuɗin Zango da Lambobin Nan Shida

Assalamu alaikum. Tun da aka koma makaranta wasiƙun iyaye da malamai suka cika mini akwati, don haka makon nan nasu ne kacokan. Masu tambayar wace waya ce ta fi ɗaukar hoto ku dakace ni zuwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Tun da aka saka ni a zauren WhatsApp na makarantar yarana wayata ba ta rabuwa da cewa ta cika. Ko sai na sayi memori? (Wata mahaifiya daga Gusau)

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki. Wayarki tana sauke duk abin da aka jefo zauren ne ba tare da ta tambaye ki ba: katin barka da Juma'a na iyaye ɗari biyu, bidiyon biki, tallan atamfa da turaren wuta. Ki shiga saitin WhatsApp wajen Storage and data, ki hana ta sauke hoto da bidiyo da kanta. A nan dai za ki ga Manage storage, zai jero miki duk abin da ya haura 5 MB, ki share. In kuma kina cikin masu turo fulawar barka da asuba, to daga kanki gyaran zai fara.

Tambaya: Bara ɗana ya yi rajistar JAMB da layin mai shagon kwamfuta, muka sha wahala wajen duba sakamako. Bana ƙanwarsa za ta yi. Me za mu kiyaye? (Wani uba daga Potiskum)

Amsa: Alhaji, layin da aka tura NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 don karɓar lambar fara rajista, shi ne layin ɗalibi a wajen JAMB har ya samu gurbi. Da shi ake duba sakamako ta tes, ta shi saƙonninsu ke zuwa. A ware wa yarinya layi guda na gida wanda ba a taɓa yi wa wani rajista da shi ba, a buɗe mata imel nata, a rubuta kalmar sirrin a littafi. A riƙa sa wa layin kati ana kira da shi, don kamfani yana karɓe layin da ya daɗe a ajiye ya sayar wa wani. Tun yanzu kuma a duba sunanta da ranar haihuwarta a NIN ko sun yi daidai da na takardun makaranta, gyaran yana cin lokaci.

Tambaya: Ni ne shugaban wata firamare mai zaman kanta. Wani ya kira mataimakiyata ya ce daga ƙungiyar iyaye da malamai yake, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo mata lambar shiga, ta karanto masa. Ta karanta. Nan take WhatsApp ɗinta ya fita daga wayarta. Kafin mu ankara an rubuta a zauren iyaye da sunanta cewa an sauya asusun biyan kuɗin zango, har mutum huɗu sun tura kuɗi. Ta yaya aka yi mata kutse, kuma yaya za mu yi? (Shugaban makaranta daga Zariya)

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya mayar da alheri. Irin wannan wasiƙar ba ta yanke mini, kuma duk ranar da na karanta ta sai raina ya ɓaci, don haka ka ba ni dama in ja zancen. Kalmar kutse ma ta yi wa ɓarawon nan yawa. Ɗan kutse katanga yake haurawa. Wannan sallama ya yi, aka miƙo masa mukulli.

WhatsApp da lambar waya ya san mutum. Kowa a duniya zai iya sauke manhajar a wayarsa ya rubuta lambar Malama. Abin da WhatsApp zai yi shi ne ya aika lambobi shida ta tes zuwa layin, don ya tabbatar mai layin ne ke nema. Ɓarawon yana da komai ban da lambobin nan shida, shi ya sa yake kira a daidai lokacin da saƙon ke shigowa, yana azalzala, "Malama yi sauri, ana jiranki, an kusa rufe shiga." A jikin saƙon an rubuta ƙarara cewa kada a ba kowa lambar, amma wanda ake wa gaggawa a kunne lambobi kawai idonsa ke gani. Babu wani taro, na Zoom ne ko na me, da ake shigarsa da lambar da WhatsApp ya turo maka. Akwai kuma masu cewa ka danna **21* ka biyo da wata lamba. Wannan karkatar da kiranka ne zuwa wayarsu, sai su nemi WhatsApp ya faɗo lambar ta kira. Wanda ya riga ya danna ya buga ##21# ya soke.

Da ya shiga, tsofaffin hirarrakinta ba sa binsa, amma zaurukan da take ciki suna binsa, da lambar duk wanda ke cikinsu. Daga nan yake zaɓar na gaba. Ina kyautata zaton lambar Malama ma ta haka ya same ta, daga wayar wani mahaifi da aka riga aka ƙwace.

Yau ɗin nan, kafin ka gama karanta shafin nan, Malama ta sake rubuta lambarta a WhatsApp na wayarta, ta karɓi sabuwar lamba ta tes ta saka. Da ta saka, ɓarawon ya fita. In ya riga ya ɗaura nasa PIN, wato lambar sirri ta ƙarin tsaro, za a sa ta jira kwana 7 kafin ta shiga, amma shi ma yana waje duk tsawon kwanakin. In ta shiga ta leƙa Linked devices ta kori duk na'urar da ba ta sani ba. Kafin nan wani admin ya cire lambarta daga zaure, a kuma bi iyaye da kira baki da baki, don sanarwar da aka rubuta a zauren da ɓarawo ke ciki goge ta zai yi in shi ma admin ne. Mutum huɗun nan su ɗauki shaidar tura kuɗin su tafi bankinsu yanzu, su kuma kai rahoto wajen 'yan sanda. Ba na yi musu alkawarin kuɗin zai dawo, amma kowace awa aka ƙara, damar raguwa take.

Maganin abin kuwa bai kai minti biyu ba, shi ne abin da ke ƙona mini rai. Settings, Account, Two-step verification, ka zaɓi lambobi shida na kanka, ka sa imel. Daga ranar ko an yaudare ka ka karanto lambar tes, ɓarawo zai ci karo da ƙofa ta biyu. A wani taron iyaye na makarantar yarana na taɓa miƙewa na ce duk wanda ya saka wannan PIN ya ɗaga hannu. Ɗaki cike, hannayen da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wani dattijo a layin gaba ya ɗago wayarsa mai fasasshen gilashi, ya ce, "Yaro, ni me ke cikin wannan da za a sata?" Na ce, "Baba, sunanka. In an rubuta da lambarka cewa kana asibiti a taimaka, mutum nawa a ɗakin nan za su tsaya bincike?" Ya yi shiru, ya miƙo mini wayar. Mutuncin da mutum ya shekara talatin yana tarawa shi ake ci da shi, kuma na malami a wajen iyaye ya fi na kowa tsada.

Sai kuma laifinku na makarantu, ranka ya daɗe, kuma ba zan ɓoye ba. Makarantar da ta saba wa iyaye biyan kuɗin zango a asusun mai makaranta, kuɗin yunifom a asusun wata malama, kuɗin walima a na wani, ita ta koya musu tura kuɗi ga sunan da ba su sani ba. A buɗe asusu ɗaya da sunan makaranta, a buga lambarsa a takarda mai hatimi, a manna a ofis, a rubuta a jikin katin sakamako. A sanar a taro cewa asusun nan ba ya sauyawa ta WhatsApp har abada, ko da daga lambar shugaba saƙon ya fito. Iyaye kuma, manhajar banki tana nuna sunan mai asusu kafin ka tabbatar. Ku karanta shi. In a wajen mai POS ne, ku ce ya karanto muku sunan kafin ya danna.

Zauren kansa a raba shi biyu: na sanarwa, wanda admin kaɗai ke rubutu, da na hira ga mai so. Admin su zama uku, kuma ba a ba kowa sai an ga PIN ɗinsa a kunne. A kunna tantance sabbin shiga, a sabunta mahaɗin gayyata duk zango. Malama kuma kada a tozarta ta a gaban ma'aikata. Malamin da ya ga an ci fuskar abokiyar aikinsa, ranar da ta faɗa masa ɓoyewa zai yi har kuɗi su gama tafiya.

Tambaya: Ɗalibaina 45, duk ƙarshen zango sai na kwana ina fitar da na ɗaya da na biyu da kalkuleta. Ina da Excel amma tara maki kawai na iya. (Malamin aji daga Katsina)

Amsa: Malam, kana da mota kana tura ta da hannu. In jimillar maki tana layin F daga F2 zuwa F46, rubuta =RANK(F2,$F$2:$F$46) a G2 ka ja ƙasa. Kada ka bar alamun dalar nan, su ke riƙe jerin. In biyu sun yi kunnen doki zai ba su matsayi ɗaya ya tsallake na gaba, haka ya kamata. Ka gama ka jefa kwafi a Google Drive, 15 GB ne kyauta.

Tambaya: Na kai filas shagon buga takardu don a fitar da tambayoyin jarrabawa, na dawo na tarar fayilolina duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya. Sun tafi ke nan? (Sakatariyar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Suna nan, Malama, ɓoye su ƙwayar cutar ta yi. Kada ki danna ko ɗaya daga masu kibiyar, ta nan take shiga kwamfuta. Ki sa Microsoft Defender, manhajar tsaron Windows, ya bincike filas ɗin, sannan ki buɗe cmd, wato wajen rubuta wa kwamfuta umarni, ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in E ne harafin filas ɗinki. Ki kwashe fayilolin, ki wanke filas ɗin tas. Ni na daina kai filas kowane shago, PDF nake turawa. Amma tambayoyin jarrabawa a kwamfutar shago, inda ɗan mai shagon ma wataƙila ɗalibinku ne? Ku matsa wa mai makaranta ya sayi firinta.

Tambaya: Ana ba ɗana aikin gida da sai an duba intanet. In na ba shi wayata sai in tarar da shi a TikTok. Shekararsa 10. (Wata mahaifiya daga Kumasi)

Amsa: In akwai tsohuwar Android a gida, ki buɗe masa asusun yara ta Family Link na Google. Daga wayarki za ki ƙayyade masa awanni, ki rufe ta da daddare, kuma ba zai sauke manhaja ba sai kin amince. In taki ce kaɗai, Android tana da hanyar kafe manhaja ɗaya a fuskar waya, ba ya fita sai da lambar sirrinki, wadda nake fatan ba shekarar haihuwarki ba ce, don ya fi ki saninta. TikTok da WhatsApp duk sai ɗan shekara 13 ƙa'idarsu ta yarda. Aikin gidan kuma a yi shi a falo inda kike.

Tambaya: In na ɗauki hoton takardar sakamakon aji na tura zaure, iyaye suna cewa ba ya karantuwa. (Wata malama daga Bauchi)

Amsa: WhatsApp yana matse hoto ne. Ki yi sikanin da manhajar Google Drive, ta mayar miki PDF, ki tura a matsayin takarda. Amma Malama, ta aji duka kike turawa? Yaron da ya zo na 43 yana da uwa a zauren nan, kuma kishiyarta ma tana ciki. Kowane mahaifi a tura masa na ɗansa shi kaɗai.